Wayar da Na Ja Zuwa Ɗakin Baba

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

An sallamo Baba daga asibiti. Ɓarin dama ya tafi, hannu da ƙafa. Magana ma ta tafi, sai "to" da "Allah". Su kaɗai suka rage masa, kuma da su yake komai, kira da faɗa da godiya. Likita ya ce a riƙa juya shi, kada a bar shi shi kaɗai.

Ba ya yarda Inna ta ɗaga shi. Yaya Sa'adiya kuwa da ta matso da ruwan wanka sai ya juya fuska bango. Ni kaɗai yake yarda da ni. Ni ne namijin da ke gida, shi ke nan. Ba wanda ya tambaye ni.

Oga Bashir, manajanmu, ya yi min kirkin da ban zata ba. Ya ce in ɗauko babbar kwamfutar ofis in kawo gida, in ci gaba da zanen ledojin daga nan, na biskit da na taliya da na fiya wata, in raba kalolin in tura musu su buga. Nura mai kula da kwamfutocin kamfani ya rako ni a adaidaita sahu, ya rungume allon kamar jariri. Mun ajiye ta a shagona na bakin zaure, don a nan batir da inbata suke, masu ba da wuta in an ɗauke. Ɗakin Baba yana can ƙuryar gida, gado da tabarma kawai sun cinye shi.

Alhamis, 10 ga Yuli

Baba ya faɗo daga gado.

Na bar masa kofin silba ya riƙa bugawa a ƙarfen gado in yana nema na. Ya buga, Inna ta ce ya daɗe yana bugawa. Ina shago, fankar kwamfuta na ƙara, janareton kamfanin robar bayanmu na nasa. Ban ji ba. Buta yake so. Ihun Inna ne ya fito da ni. Na tarar da shi a ƙasa, goshi ya kumbura, zani ya jiƙe. Bai ko kalle ni ba.

Inna ta ce, "Abdulbaƙi, aikin nan ko ubanka." Ta san da aikin ake sayen maganin. Na ɗauko busasshen zani na canja masa.

Juma'a, 11 ga Yuli

Na kira Nura, na ce ya zo ya mayar da kwamfutarsu. Ya ce haukan me nake yi. Wai in ɗauki tsohuwar laftof ɗina in zauna da ita gaban gadon Baba, babbar ta zauna a shago tana aikinta, ni kuma in riƙa sarrafa ta daga nesa. Abin da ke allonta zai fito a nawa, in na motsa kibiya a nan ta motsa a can.

"Rimot ke nan. Duk su biyun su hau rauta ɗaya kawai, ɗan akwatin nan mai raba intanet, ka ba ƙaramar adireshin babbar da fasiwod. Ko data ba ya ci, a cikin gidanku yake yawo."

Na taɓa ganin yana yi wa akanta haka a ofis, ban taɓa kawo shi a raina ba.

Asabar, 12 ga Yuli

Waifai, wato haɗin rauta ta iska ba waya, ba ya ratsa katangar gidan nan. Kakanmu ya yi gini kamar yana tsoron yaƙi.

Lahadi, 13 ga Yuli

Nura ya kawo doguwar waya shuɗiya, ragowar aikin ofis. Muka ja ta daga rauta ta tagar shago, ta bi saman zaure, ta ratsa tsakar gida, ta shiga ɗakin Baba ta saman ƙofa. Baba yana bin mu da ido. Nura ya durƙusa ya ce, "Sannu Baba, za mu kawo muku Abdulbaƙi har gaban gado, ba zai ƙara zuwa ko'ina ba." Baba ya ce, "To."

Kafin la'asar Inna ta shanya zannuwan gadon Baba a kanta. Ta ce ta ɗauka sabuwar igiya na ɗaura mata, har ta sa min albarka. Na bar zannuwan suka bushe tukuna na yi mata bayani.

Bai haɗu ba yau. Ƙaramar tana cewa ba ta ga babbar ba. Ga su a gida ɗaya, waya ɗaya.

Talata, 15 ga Yuli

Ashe akwai wani wuri a cikin babbar da sai an kunna an ce mata ta yarda a shigo. Na kunna jiya. Na rubuta adireshin, lambobi ne da ɗigo-ɗigo, na sa fasiwod, allon ya yi baƙi, sai ga ledar taliyar da na bari a buɗe a shago ta bayyana a kan cinyata. Wallahi na ji daɗi. Na juya wa Baba ya gani. Na ce, "Baba, kun ga, wannan tana can zaure." Ya dubi allon, ya dubi ƙofa, ya ce, "Allah."

Yau da safe aka ɗauke wuta, batir ya mutu, da aka dawo da ita komai ya watse. Rauta ta ba babbar sabon adireshi. Nura ya nuna min ta waya yadda ake ƙulle mata guda ɗaya kada ya ƙara canjawa. Ina yi ina riƙe da robar fitsari da ɗaya hannun.

Laraba, 16 ga Yuli

Saura matsala ɗaya. In na daɗe ban taɓa ta ba, wajen wanka ko ba shi abinci, sai babbar ta yi barci, ƙaramar ta kasa tashinta. Dole in je shago in taɓa ta da hannu.

To ina zuwa. In ce wa Inna ta leƙa shi, in fita. In taɓa, ta farka nan take. Amma sai in ɗan tsaya a bakin zaure. Yau na ci karo da lokacin canjin aiki, jiniya ta busa, mutane suka cika layi, masu fita da masu shiga, wasu da kwanon abinci a leda. Warin narkakkiyar roba. Tirela ta maƙale a kwana ana ta zagin direba. Tunda nake a Sharada ban taɓa jin daɗin warin nan ba sai yau.

Na san inda ake kashe barcin. Layi ɗaya ne. Gobe na yi.

Lahadi, 20 ga Yuli

Yaya Sa'adiya ta zo daga Dorayi da farfesu. Nura ma ya biyo dubiya. Tana zaune na tashi zuwa shago, na dawo, an jima na sake tashi. Ta ce, "Ba an ce an haɗa ba? Me kake ta zuwa yi?" Na ce barci take yi. Nura ya yi dariya ya ce, "Haba, wannan ai ba komai ba ne," ya karɓi laftof ɗin daga cinyata. Ko tashi bai yi ba. Daga nan ɗakin ya shiga ya kashe mata barcin.

Yaya ta ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu ba ka da abin da zai fitar da kai."

Da zuciya ɗaya ta faɗa. Na ce haka ne. Na yi wa Nura godiya, har na raka shi bakin titi, na tsaya sai da adaidaitarsa ta ɓace.

Alhamis, 24 ga Yuli

Rabona da zaure tun Lahadi. Inna ke aiken yaran maƙwabta. A nan nake ci, a nan nake salla, a nan nake aiki, tabarma ta yi min shaida a gwiwa.

Komai yana tafiya daidai. Ko sau ɗaya bai yanke ba. Ina zaune ina kallon allon kwamfutar da ke ɗakina, ita tana can tana shan iskar taga.

Juma'a, 25 ga Yuli

Huɗuba ta lasifika na ji ta, ban je masallaci ba. Cikin Baba ya ɓaci tun safe, ba halin fita. Na wanke, na canja, na sake wankewa. Da na ɗaga shi na uku sai na ji na riƙe shi da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Ya dube ni. Na sassauta. Astagfirullah.

Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a masaƙa a Bompai, yana tafiya da keke ko ana ruwa. Ina yaro in ya dawo, auduga a gashinsa, ba ma iya haɗa ido da shi. Yanzu ni ke ce masa ya buɗe baki.

Ba na son in riƙa jin haushin numfashinsa. Amma ina ji.

Litinin, 28 ga Yuli

An buga ledar biskit ɗin wani mutumin Dakata da na zana. Ya zo ɗauka ya ƙi karɓa.

Oga Bashir ya kira, ko gaisuwa babu. "Abdulbaƙi, ja aka ce. Ja! Wannan kalar hanta ce. Wa zai sayi biskit a cikin hanta?"

A allon laftof ja ne, wallahi ja ne. Sai da na roƙi Inna ta zauna na ruga shago na duba a babban allo. Hanta ce. Tsohuwar laftof tana ƙara wa kala haske, ni kuma na yi ta ragewa ina gyara abin da ba shi da laifi. Wata guda da ya wuce da ido rufe zan gane.

Ya huce daga baya, ya tambayi jikin Baba. Amma ya ce masu kamfani sun yi magana. Daga yau duk aikin kala a babban allo. Kuma kafin tsakiyar watan gobe in fara zuwa da safe ina ganin bugun farko a kan inji da idona. In ba zai yiwu ba, a dawo da kwamfuta, su nemi wani.

A tsakar gida na yi wayar. Ban san ko Baba ya ji ba. Da na shigo idonsa a rufe, amma na san ba barci yake ba.

Laraba, 30 ga Yuli

Dabarar Yaya ce. Malam Usaini, abokin Baba tun masaƙa, layi ɗaya suka yi aiki har aka rufe ta. Ya yi gadi a wani kamfanin fata a Challawa, bara ya ajiye. Har yanzu da ƙarfinsa. Ta je ta same shi, ya ce ko ba a roƙe shi ba, Mamman, wato Baba, ai ɗan'uwansa ne, zai riƙa zuwa da safe.

Ya zo. Yana yin sallama Baba ya ja zani da hannun hagu ya rufe fuska. Malam Usaini ya zauna ya yi ta magana shi kaɗai, labarin mutanen da, wanda ya mutu, wanda ya koma Jigawa noma. Zanin bai motsa ba. Da zai tafi ya ce min a zaure, "Kunya ce. Ka bar shi. Ni ma da haka zan yi."

Baba ya ƙi cin abincin rana. Ya ƙi na yamma. Sai da na ce, "Ba zai ƙara zuwa ba, Baba," sannan ya karɓi kunu.

To shi ke nan.

Juma'a, 1 ga Agusta

An yi ruwa, ya biyo wayar ya ɗiga a kan tabarmata. Ita ko a jikinta, tana aiki.

Asabar, 2 ga Agusta

Tunani ya zo min ina goge wa Baba baya. In ƙaramar tana ganin babbar, me zai hana babbar ta ga ƙaramar? Laftof tana da kyamara. In buɗe kyamarar, in ajiye ta a kan kujera tana kallon gado, in koma shago in jawo allonta a gefen nawa. Ina aiki a babban allo, ina ganinsa. Ko motsi ya yi na gani.

Nura ya ce hanyar farko ba za ta yi ba, irin laftof ɗina ba ta karɓar baƙo ta nan, kuma ko ta karɓa allonta zai kulle. Ya turo min wata ƙaramar manhaja da ke nuna allo ɗaya a wuri biyu. Na ɗora a duka. Ta ƙi. Na buɗe mata hanya a katangar tsaron kwamfutar. Ta yi.

Ga Baba a kusurwar allona, ƙarami kamar hoton katin shaida. Sauti ba ya zuwa, sai hoto. Ya isa.

Na zauna a kujerata. Bayana har ƙara ya yi. Na gyara jan biskit, ya fito ja sosai. Bai warware maganar zuwa kamfani ba, amma dai.

Talata, 5 ga Agusta

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Tun Asabar haka muke. Ina shago, ido ɗaya a kan aiki, ɗaya a kansa. Ya ɗaga hannu, na zo. Ya yi tari, na zo. Jiya ya sosa kunne kawai, sai ga ni a kansa ina tambaya me yake so. Abin da ban lura ba shi ne, shi ma allon yana gabansa. Fuskarsa yake gani, bakin da ya karkace, yawun da ke zuba, yini guda. Tunda ya kwanta ba a ba shi madubi ba, ni na kai masa.

Yau da hantsi ina cikin aiki sai kusurwar ta yi baƙi, aka rubuta haɗi ya yanke. Ban san sanda na tsallake tsakar gida ba, takalmi ɗaya a ƙafa. Na ce ya sake faɗowa, ya ja kujerar.

Yana kwance lafiya lau. Ya miƙa hannun hagu ya rufe laftof ɗin, har ya ɗora hularsa a kai. Rediyo a kan ƙirjinsa, ya kunna da kansa, ban san yana iyawa ba.

Na kai hannu zan buɗe. Ya ce, "To!" da irin muryar da yake tsawata mana muna yara. Na janye. Sai ya ɗaga hannun ya yi min alama da bayan yatsu, irin yadda ake korar kaza daga shanya.

Na tsaya kamar wawa. Na ce, "Baba, kun gaji da ni ne?"

Ya dube ni sosai. Rabin bakin da ke aiki ya motsa, kafaɗarsa ta fara rawa. Na ɗauka kuka ne. Dariya ce. Ya ce, "Allah," ya ja ta, yadda mutum ke cewa wallahi kuwa.

Ni ma na yi dariyar, har na zauna a ƙasa. Inna ta leƙo ta ce lafiya, muka kasa ba ta amsa, shi ba baki, ni ba numfashi.

Wata guda ina ganin ni aka ɗaure. Shi ko juya wa fuskata baya ba ya iyawa sai na juya shi.

Da muka natsu na gaya masa maganar Oga Bashir duka, ban rage ba. Rabon da in yi masa magana kamar mai hankali tun asibiti, sai dai buɗe baki, ɗaga hannu. Na ce in ban koma ba aikin zai tafi. Na ce Malam Usaini ya ga abin da ya fi wannan. Ya daɗe yana kallon rufi. Bai ce to ba. Bai kuma ja zani ba.

Alhamis, 7 ga Agusta

Malam Usaini ya dawo. Wannan karon bai zauna gaisuwa ba. Ya shigo ya ce, "Kai Mamman, ka ishe mu da iyayi. Ni da na ɗauke ka a kafaɗa ranar da ka suma a ɗakin rini, me za ka ɓoye min?" Ya sa hannu a hammatarsa ya zaunar da shi, ko shawara babu. Baba ya ce "Allah" da fushi. Malam Usaini ya ce, "Zage ni da kyau, na san abin da kake nufi."

Ya juyo ya ce min, "Kai kuma fita, manya za su yi magana."

Na fita. Na tsaya bayan ƙofa ina jira a kira ni in nuna yadda ake riƙe ƙafar. Ba a kira ba.

Litinin, 11 ga Agusta

Na koma kamfani. Ƙarar inji, warin tawada, masu ɗaukar kaya suna ta "ya mai jiki". Oga Bashir ya ce na rame. Na tsaya a kan bugun farko na ledar taliya, kore ya ɗan yi yawa, aka rage, ya zauna. Nura ya ce in ina so zai iya haɗa min yadda zan riƙa leƙa ɗakin Baba daga nan ofis, abu ne mai sauƙi. Na ce a'a, a bar shi.

An ce in zauna har la'asar in na ga dama, Malam Usaini ya ce ba ya sauri. Kafin azahar na ce wa Oga sauran aikin yana kwamfutar gida. Gaskiya ne, akwai ɗan abin da ya rage.

Na tarar an fito da Baba tsakar gida, a kujera, ƙarƙashin inuwa. Ban taɓa tunanin fito da shi ba. Malam Usaini yana yanke masa farce yana ba shi labarin wani fomansu, shugaban layinsu a masaƙa, da ya faɗa kwata. An yi masa aski ma, ba irin yadda nake yi ba, an ɗan kwashe gefen da yawa. Na gaishe su. Baba ya ce "to", ya mayar da ido kan abokinsa, yana jiran ƙarshen labarin.

Na tambayi Inna ko an ba shi maganin rana. An ba shi. Ko an juya shi. Ta ce, "Kana ganinsa a zaune."

Shago a buɗe yake, ba mai nema na. Na ɗauko laftof na zauna a bakin ƙofar kicin, inda nake jin su. A nan na ƙarasa aikin. Ba na kala ba ne, rubutu ne kawai, ko'ina ma ana iya yi.

Shagon akwai zafi da rana, shi ya sa.